Hanyar Tudun Gauraka

Shekara biyu ke nan da ruwan dam ɗin Bakolori ya rufe Tungar Baraka, kuma a cikin shekara biyun nan ba wanda ya ji Hayatu ya ɗaga murya. Bai yi kuka ba ranar da aka loda su a tifa da tukwanensu da awakinsu. Bai zagi kowa ba ranar da aka nuna masa filin da aka ba shi a sabon matsuguni, can kan tudu wajen Maradun. Mutane suka riƙa yaba masa, wai Hayatu akwai haƙuri. Ni dai da na san shi ba zan kira abin haƙuri ba. Cikinsa ne ya mutu, kamar ƙafar da mutum ya daɗe yana zaune a kanta, ko ka mintsine ta ba ta ji.

Filin da aka ba shi jar ƙasa ce da tsakuwa, in ka kafta fartanya sai ta yi ƙara ta dawo maka. Ya shuka gero saboda ya ga kowa na shukawa, ya girbe abin da ya samu, bai ce ya yi kaɗan ba. Yana sallah, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa har ƙarshenta. In an zauna ana maganar tare hanyar motocin kamfanin da ke aikin dam ɗin, yakan zauna shi ma, in an watse ya watse.

Abu ɗaya ne ya rage da yake dubawa da idon mai rai, wani tulu da ke kuryar ɗakinsa, an liƙe bakinsa da laka. A ciki akwai irin jar shinkafa, shanshera ce da ɓawonta, an gauraya ta da toka saboda ƙwari. Mahaifinsa, marigayi Audu, shi ya zo da ita Tungar Baraka tun Hayatu bai san kansa ba, har mutanen garin suka sa mata suna 'yar Audu. Shinkafa ce mai son ambaliya. In gulbi ya hau fadama sai ta bi ruwan tana tsawo, ruwa ya kai ƙirji ita ta kai wuya. A kan tudu ba ta ko tsira da kirki. A filayen noman rani da ake gyarawa ƙasan dam ma ba a son ta, can gajeren irin da malaman gona suka kawo ake shukawa. Sauran mutanen garin sun cinye tasu tun shekarar farko, tulun Hayatu kaɗai ya rage.

Kowace bazara yakan fasa lakar, ya ɗebi ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye bayan randa. Bara tara suka tsira. Bana da ya buɗe tsumman, huɗu ya gani sun fitar da farin tsiro, shida suna kwance yadda ya sa su. Ba sai an gaya wa manomi ma'anar wannan ba. In 'yar Audu ba ta shiga fadama daminar nan ba, baɗi ba iri ba ce, abinci ce kawai. Ya mayar da laka ya liƙe tulun, ya wanke hannu.

To, matarsa Taibatu ta shiga ajin yaƙi da jahilci da matar malamin asibiti ta buɗe wa matan sabon matsugunin. Littattafan manya an ce suna hanya, kuma kun san hanyar kayan gwamnati ba ta da ƙarshe. Sai malamar ta samo musu wasu ƙananan littattafai na 'yan firamare, guda shida, irin waɗanda ake bugawa da keken rubutu a gurza, a ɗinke da ƙarfe biyu. Duk labarin wasu yara biyu ne, Hindu da ƙanenta Nagode, 'yan wani gari da ake kira Tudun Gauraka. A kowane littafi sai wani abu ya ɓace a garin, yau jakin liman, gobe ƙwaryar mai fura, yaran su bi sawu su yi ta tambaya, kafin magariba sun gano shi. Haka matan aure masu 'ya'ya biyar-biyar suka duƙufa neman jakin liman da yatsa a kan layi.

Taibatu ba ta iya karatu a zuci ba, sai ta furta. Kullum bayan la'asar takan zauna gindin zana tana haɗa baƙi da fari da ƙarfi, Hayatu yana gefe yana gyaran igiya ko ba ya yin komai. Da farko muryarta kawai yake ji, kamar ƙarar daka a maƙwabta. Sannu a hankali ya fara jin maganar. Garin yana da rijiya mai baki biyu. Yana da masallaci da bangonsa na arewa ya karkace aka tokare shi da gungumen giginya. Akwai tsohuwar marina da aka bari, yara suna ɓuya a ramukanta. In ta zo waɗannan wuraren sai ya ji wani ɗumi kaɗan a ƙirjinsa, bai san dalili ba, bai kuma nema ba. Ya dai lura da cewa a garin nan duk abin da ya ɓace ana samunsa.

A littafi na huɗu wani baƙo ya zo garin da iyalinsa, ba shi da gona. Taibatu ta karanta tana tuntuɓe: "Sai Maigari ya ce wa baƙon, ga fadama can bayan gari, ba ta da mai ita. Gulbi yana hawanta kowace damina. Je ka noma."

Hayatu ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

"Koma baya," in ji shi. "Sake wurin nan."

Ta sake.

"Ina garin nan yake?"

"Malam, labarin yara na fa. Tatsuniya ta. 'Yan boko ma suna da tasu."

"Miƙo in gani."

Ya karɓi littafin, shi da ko alif na boko bai sani ba. A shafin farko akwai taswira, layuka da 'yan murabba'ai da zanen itatuwa. A ƙasanta an buga hatimi da shuɗin tawada, irin wanda ofishin ilimi ke bugawa a kan duk takardar da ta ratsa ta hannunsa. Ya sa ta karanta masa abin da aka rubuta a saman taswirar. An ce Tudun Gauraka yana bakin gulbi, ba nisa da Talata Mafara.

"Kin taɓa ganin tatsuniya da taswira?" ya tambaye ta. "Kin taɓa ganin tatsuniya da hatimi? Tatsuniya dabbobi ka magana cikinta. Wagga ko har Mahwara anka ambata."

Taibatu ta leƙa ta dubi hatimin. Ita ma karatun nata wata biyar ne, ba ta da ƙarfin rantsuwa a kai.

Kada ku yi masa dariya, don ni ban yi ba. Mutumin nan da idonsa ya ga wasu sun zo garinsu da takarda mai layuka irin wannan, suka shimfiɗa ta a kan mota, suka nuna wani shuɗin layi suka ce nan ruwa zai tsaya. Dattawa suka yi murmushi, gulbin da kakanninsu suka sani ne za a gaya wa inda zai tsaya? Ruwa ya zo ya tsaya daidai inda takarda ta ce. Tun daga ranar Hayatu ya san abin da aka zana aka buga wa hatimi ya fi abin da ido ke gani ƙarfi. In takarda ta iya shafe gari, bai ga abin da zai sa ta yi ƙaryar wani garin ba.

Washegari da hantsi ya naɗe littafin a ƙyalle, ya sa a aljihun riga, ya shiga motar Mafara. Bai yi zumuɗi ba, bai kuma yi fargaba ba. Ya tafi ne yadda mutum ke tafiya ɗebo ruwa.

A tashar Mafara ya tambayi wani ɗan kamasho motar Tudun Gauraka.

"Tudun mi?"

"Gauraka."

"A'a, bayan Bakura na! Shiga, shiga, mutum guda muka jira."

Ɗan kamasho dai tun da aka halicce shi bai taɓa jin garin da motarsa ba ta zuwa ba. Hayatu ya shiga, aka jira mutum gudan nan har aka yi azahar.

A hanya suka ratsa filayen aikin noman rani. Katafiloli sun baje gonaki sun mai da su shimfiɗa ɗaya, an tumɓuke ɗorawa da kanya an jibge su gefe saiwoyinsu a sama, ga magudanan siminti sun miƙe fetal babu ɗigon ruwa a ciki tukuna. Fasinjoji suka yi ta tsaki da Allah ya isa, wani tsoho yana nuna inda gonarsa take da, ko inda yake jin take. Hayatu ya kalli wurin yadda ake kallon bango. Hannunsa dai yana kan aljihu.

A Bakura ya tambayi 'yan tasha, suka tura shi wajen masu faci, masu faci suka tura shi wajen wani tsohon dillalin shanu da aka ce babu ƙauyen da bai taka ba. Ya same shi a rumfa bakin kara, inda ake cinikin shanu. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da zafi da mutanen Maradun da yadda aka ji da ruwa, aka sake zagayowa, sannan Hayatu ya faɗi abin da ya kawo shi.

Dillalin ya gutsuri goro.

"Shekara arba'in ina bin ƙauyukkan ga da ƙahwata," in ji shi. "Daga nan har Dosara, har Kaya, har in ƙetare gulbi. Gauraka dai tsuntsu na sani. Wa ya hwaɗa maka?"

Hayatu ya fito da littafin. Dillalin ya karɓa da hannu biyu, ya ga hatimi, sai shi ma ya fara kokwanto.

"To, ko sabon gari na da gwamnati tay yi, ba mu ji ba. Yanzu gari ba wuya garai."

Ya kwana a zauren dillalin. Da safe aka raka shi wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa, wanda ke zama da teburinsa kusa da kotu. Mutumin ya duba bangon littafin, ya buɗe ciki, ya fara dariya. Da ya ɗaga kai ya ga fuskar Hayatu sai ya haɗiye sauran. Ya juya bayan littafin ya karanta masa: wanda ya rubuta, Malam Augustine, malamin firamare, Talata Mafara.

"Koma Mahwara ka tambaye shi," in ji mai wasiƙa, idonsa a kan tebur. "Shi ya san inda ya aje garinai."

Malam Augustine mutumin kudancin Zariya ne, shekararsa goma sha biyu yana koyarwa a Mafara, har ya iya gaisuwar mutanen nan duk da tsawonta. Siriri ne, wandonsa kullum da farin alli a gwiwa. Hayatu ya same shi bayan an tashi makaranta, a ƙofar gidan da yake haya, gindin dogon yaro. Aka shimfiɗa tabarma, matarsa Mary ta kawo ruwa a kwanon sha. Da malamin ya ga littafinsa ya fito daga aljihun babban mutum mai furfura a gemu, sai fuskarsa ta washe. Shekara uku yana gurza littattafan nan da hannunsa bayan an tashi aiki, ba wani babba da ya taɓa ce masa ko sannu.

"Ka karanta, Malam Hayatu? Wanne ka fi so? Na jakin liman?"

"Maiɗakina ka karanta min. Malam, hanya nika so ka gwada min."

"Hanyar ina?"

"Tudun Gauraka. Na tai Bakura ba su san ta ba. Ina da iri na shinkahwa, bana na ƙarshenta in ba ta samu hwadama ba. Na ji Maigarinsu na ba baƙo. Ba kyauta nika so ba, ko aro na, damana guda."

Malam Augustine ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi ƙofar gida kamar Mary za ta fito ta amsa a madadinsa.

"Malam Hayatu," ya ce a hankali, "babu garin nan. Babu shi ko'ina. Ni na fitar da shi daga kaina."

Malamin ya ci gaba da bayani, da sauri, irin na wanda ya taka yaro bai sani ba. Ya ce littattafan da ake kawo wa yaransa duk labarin garuruwan da ba su taɓa gani ba ne, masu jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, yara suna karantawa suna hamma. Shi ya sa ya so ya yi musu gari irin nasu. Kuma bai isa ya sa sunan gari na gaske ba, don in ya rubuta an kwance jakin liman a gari kaza, kafin sati Maigarin ya kai ƙararsa. Sai ya ƙago suna. Hatimin kuwa, ofis ne ke bugawa don a san an yarda yara su karanta.

"To taswirar fa?" in ji Hayatu. Muryarsa ba ta canja ba. "Mutum ba ya zana abin da bai gani ba."

Malamin ya ji daɗin samun tambayar da yake da amsarta. Ya ce gaskiya ne, taswirar kam ba daga kansa ta fito duka ba. Ya shiga gida ya fito da wani tsohon littafin rubutu mai lanƙwasassun kusurwoyi. Ya ce shekarar da aka fara ilimi kyauta an tura shi ƙauyuka a kan babur yana duba inda za a kafa azuzuwa. Wata rana ya faɗa wani ƙaramin gari bakin gulbi, ya ga bai taɓa ganin wuri mai kwanciyar hankali irinsa ba. Ya hau wani ɗan tudu ya zauna ya zana shi. Wata tsohuwa ma ta kawo masa fura ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba. Daga baya da zai yi littafi sai ya ƙara masa kasuwa da gada, ya mai da kukar garin rimi, ya sa masa sabon suna.

"Ga ainihin zanen," ya ce, ya buɗe shafin. "Tungar Baraka sunan garin, ta wajen Maradun. Ina jin yanzu ruwa ya ci ta. Ka san ta?"

Wata akuya ta zo tana shinshina gefen tabarma, malamin ya kore ta. Hayatu yana kallon shafin. Layuka ne da murabba'ai, irin na littafin Taibatu, irin na mutanen da suka zo da mota. Shekara arba'in da biyar ya yi a Tungar Baraka, ya san ta da tafin ƙafa, ya san ta da duhu da haske, amma bai taɓa ganin ta daga sama ba. Wa ya taɓa ganin garinsu daga sama?

"Ina gabas?" ya tambaya.

Malamin ya juya littafin har gabas ɗin takarda ya dubi gabas na gaske. Ya ce masa ya ɗauka shi shaho ne yana shawagi. Ya nuna masa wani ɗan murabba'i ya ce masallaci ne. Hayatu ya ɗora yatsa a kai. Yatsan ya yi yamma kaɗan, ya tsaya.

"Rijiya."

"Ita ce. Mai baki biyu."

Yatsan ya bi wani siririn layi ya karkata kudu.

"Marina. Nan gidan Gwaggo mai hura, ita ta ba ka. Ta rasu watan da munka tashi." Yatsan ya ƙara gaba ya tsaya kan wani murabba'i da aka yi wa 'yan da'ira uku a gefe. "Waɗanga mi na na?"

"Rumbuna ne. Gidan yana da rumbu uku, shi ya sa na..."

Malam Augustine bai ƙarasa ba. Ya dubi yatsan, ya dubi mai yatsan, sai ya gane gidan wa ya zana.

Yatsan Hayatu bai tsaya a gidan ba. Ya bi ta bayansa ya gangara inda zanen ya buɗe ya zama fili, har bakin layi biyu masu lanƙwasa da ke nufin gulbi. A filin malamin ya yi 'yan zane-zane tsaye, cunkus-cunkus, a jere.

"Nan fa?"

"Fadamar ce. Waɗannan ciyayi ne kawai na daji, na zana su don wurin ya yi kyau."

"Jema ta," in ji Hayatu. "Ba ta daji ba ta. Dasa ta anka yi. Da ita muka iyaka." Ya bi layin farko da farce. "Daga nan zuwa nan ta Bappa ta, ƙanen babana. Daga nan har bakin ruwa tawa ta. Ka zana daidai, Malam. Har inda iyakar tak karkace ka sa."

"Ban ga kowa a cikinta ba," in ji malamin, muryarsa ta yi ƙasa. "Na zauna wajen awa uku. Ko mutum ɗaya. Garin ma duk tsit, daga tsofaffi sai kaji. Na ɗauka ba ta da mai ita."

"Wace rana ta?"

Malamin ya duba saman shafin, inda ya saba rubuta kwanan wata kamar yadda yake koya wa yara.

"Talata."

"Muna nan Mahwara," in ji Hayatu. "Ranar kasuwa ta, muna kasuwa."

Hayatu ya jira ya ji wani abu ya taso masa, fushi ko kuka ko kunyar kwana biyun da ya yi yana tambayar mutane hanyar gonarsa. Ba abin da ya taso. Ɗan ɗumin nan ma da yake ji in Taibatu na karatu, ya lalube shi bai same shi ba. Ya ɗauki kwanon ya sha sauran ruwan.

Malam Augustine kuwa idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a yafe masa. Ya ce zai gyara a bugu na gaba, zai rubuta fadamar tana da masu ita, zai sa sunayensu. Ya ce yana da aboki malamin gona, zai yi masa magana, ko da yake shi ma ya san irin shinkafar da ake karɓa a filayen noman rani.

"Mi ka yi da za a yahe maka?" in ji Hayatu. "Ba kai ka kawo ruwan dam ba."

Malamin ya kama shafin zai yage ya ba shi. Hayatu ya dafa hannunsa.

"Aje shi wurinka. Ɗakinmu yoyo shikai."

Suka yi sallama cikakkiya, a gai da gida, a gai da yara, Allah ya kai lafiya. Hayatu ya mayar da littafin Taibatu cikin ƙyalle, don na aji ne, za a tambaye ta.

Ya isa gida bayan la'asar. Gabas ta haɗa hadari, iska tana ɗauke da ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri, maƙwabta suna ta fito da iri suna gyara sungumi. Taibatu ta karɓi littafin, ta kawo masa ruwa, ta tsaya.

"Ka samu garin?"

"Na samu."

"Akwai hanya?"

"Babu."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tulun, ya ajiye shi tsakar gida, ya fasa lakar da ƙotar fartanya. Ya juye shi a kan tabarma, jar shanshera ta zubo tare da toka.

"Ki sheƙe, ki cashe, ki dahwa muna."

Taibatu ta dube shi.

"In rage ko tiya guda?"

"Duka."

Ta sheƙe tokar, ta zuba a turmi. Shinkafar ta tsufa, tana karyewa ƙarƙashin taɓarya, amma da ta hau wuta ƙanshinta bai tsufa ba. Ya bi ta kan zana ya shiga gidajen mutanen Tungar Baraka, mata suka riƙa tsayawa da aiki suna ɗaga hanci. Hayatu ya ce a zuba a kwanoni a kai wa kowane gida, ko loma bibbiyu ce.

Bappa, ƙanen mahaifinsa, bai jira a kai masa ba. Ya zo da kansa yana dogara sanda, idonsa ya fara hazo amma hancinsa garau. Ya zauna kusa da Hayatu, aka ajiye musu akushi ɗaya. Ya yi bismilla ya kai loma, ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa, sai fuskarsa ta buɗe kamar ta yaro.

"'Yar Audu ta! Hayatu, ashe ka samu wuri? Ina ka noma ta?"

"Ci dai, Bappa," in ji Hayatu. "Irin na."

Hannun tsohon ya tsaya tsakanin akushi da baki. Ya daɗe a haka, shinkafar tana huce masa a yatsu. Hayatu bai dube shi ba, yana ci, loma bayan loma. Can Bappa ya kai hannun baki, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba, suka ci gaba da ci har suka ga gindin akushi.